Gyaran da Na Hana Kawunku Attahir

Ranar sunan ɗan 'yar'uwarku Hadiza ina zaune a zaure, kunnena yana cikin gida kamar yadda ya saba, na ji ɗaya daga cikinku yana gaya wa baƙo wai ai Baba ne ya kashe wa Kawu Attahir kasuwa. Na gane muryar, ba kuma zan kama suna ba. Abin da ya ƙona mini rai shi ne yadda aka faɗi maganar a sauƙaƙe, ana tauna nama, kamar abin da duniya ta gama yarda da shi. Tun ranar na kasa zama wuri ɗaya. In leƙa titi in dawo, in kunna rediyo in kashe, in ɗauki buta in ajiye. Uwarku ta ce in ba zan zauna ba in tafi kasuwa in dami mutanen can. To ga shi na zauna, kuma za ku ji yadda abin ya faru daga bakina, don a lokacin kuna ƙanana, iyakar abin da kuka sani shi ne wata shekara Kawu ya daina zuwa cin kuskus ɗin Juma'a.

Kun san daga Damagaram na fito, amma ba Tamanrasset na nufa ba. Libiya na nufa kamar kowane saurayi na zamanin, guzuri ya ƙare mini a nan. Attahir ne ya tsince ni a bakin kasuwar Assihar ina zaune kan buhun wani, ya ji Hausa a bakina ya ce in taso. Ɗan Agadas ne, uwarsa kuma mutuniyar duwatsun nan ce, danginta suna Tazruk, shi ya sa Hausa da Tamashek duk ɗaya ne a harshensa. Ya kai ni ɗakinsu ya ba ni rabin tabarmarsa. Da rana ɗinkin takalma yake yi, da la'asar ya ɗauko gitar. Ni ban taɓa ganin gitar ido da ido ba sai a hannunsa. In ya fara kaɗawa a hankali yake tafiya, ba gaggawa, muryarsa can ƙasa, sai ka ga ƙarti masu gemu sun ja rawani sun rufe ido, kowa ya tafi garinsu yana zaune. Ni ma na yi kuka a ɗakin nan ba sau ɗaya ba, ba na jin kunyar faɗa. Shi ya ba ni rikodarsa mai baki biyu na fara kwafar kaset ina sayarwa, shi ya tsaya mini na samu rumfa, daga baya shi ya ba ni ƙanwarsa, uwarku. Duk wanda ya ce ban san girman Attahir ba, bai san abin da yake faɗi ba.

Yanzu bari in yi muku zancen gyara, don a kansa komai ya tashi. Kun san in mace ta sayi tumatir, mai kaya yakan ɗora mata ɗaya ko biyu a kai. Ni da na buɗe rumfar kaset sai na ce me zai hana ni ma in yi. Mutum ya faɗi waƙoƙin da yake so in kwafa masa, in kwafa, a ƙarshen kaset kuma kullum akwai ɗan fili da ya rage, sai in cika shi da waƙa ɗaya wadda ni na zaɓa. Ba ya tambaya, ba na faɗa. Sai ya yi nisa cikin sahara mota tana gudu, sannan ya ji abin da ni Mutari na saka masa. Direbobin da ke sauka In Gezam da Arlit da Agadas su suka yaɗa abin, har ya zama in sun dawo kafin su gama gaisuwa sun ce, wannan na ƙarshen wane ne? Masu aurar da 'ya'ya ma daga nan suke jin wanda za su kira ya yi musu kiɗan biki. Shekara da shekaru gyarana Attahir ne, shi da abokan kiɗansa. Ba don surukuta ba. Na saurari kowa a garin nan, babu wanda ya kama ƙafarsa.

Bayan rumfar akwai benci da murhun shayi, nan muke taruwa in rana ta yi sanyi. Akwai Alhaji Sabi'u, Bakano mai atamfa, wanda a wurinsa duk kiɗan da babu kalangu a ciki hayaniya ce. Akwai Na-Allah direba, ɗan Maraɗi, shi kuma waƙoƙin Larabawan arewa, irin waɗanda suke kira rai, suka kama shi, ba ya jin rabin abin da suke faɗa amma yana lumshe ido. Ni sunana a bencin nan Ban-yarda-ba, kuma na ci sunan. Na ce musu mawaƙan rai mace ɗaya suke yi wa kuka su duka. Na ce musu Turawan nan masu dogon gashi da gitar mai ihu, waɗanda masu yawon buɗe ido suke barin kaset ɗinsu a motocin direbobi, kiɗan 'yan tauri suke yi, wuta kawai suka jona masa, kuma yana da daɗi. Na ce musu kaset na biyu na kowace ƙungiya ya fi na farko, mutane suna yabon na farko ne don a san sun riga kowa ji.

"Mutari, kai fa in an ce rana ta fito sai ka ce a bari ka leƙa," in ji Alhaji Sabi'u.

"To ba sai na leƙa ba, Alhaji? Kai ne ka ce mini atamfar nan ba ta zuba, ga uwar yara can da hannu shuɗi."

Haka muke yi, a yi ta musu har a kira magariba, gobe a ɗora daga inda aka tsaya. Attahir yana ƙarshen benci yana murmushi, ba kasafai yake sa baki ba. Shi kaɗai ne ba a gardama a kansa. Mai son kalangu da mai son waƙar rai da ni, in an zo kan Attahir sai bakinmu ya zo ɗaya.

Sai shekarar da kaset ya mutu. Kowa ya koma zuba waƙa a katin waya, kart muke ce masa, ni ma na sayi tsohuwar kwamfuta na fara kwashe kayan rumfa ina juyewa a ciki. Kaset kuwa ba ya yarda a yi masa gaggawa. Sai ya juya daga farko har ƙarshe, kai kuma kana zaune kana ji. Da na zo kan na Attahir na jera su tun daga na ɗakinmu na samartaka, wanda ake jin tarin wani da ƙarar kofin shayi a ciki, har zuwa na ƙarshe, na yi kwanaki ina jin su ɗaya bayan ɗaya. Ban taɓa jin su haka a jere ba, babu wanda ya taɓa. A nan abin ya bayyana mini. Waƙa ɗaya ce. Kalmomi suna canzawa, sunan rijiya ya zama sunan dutse, amma inda ya shiga nan yake shiga, inda ya sauka nan yake sauka, inda zai ja numfashi ma na san shi kafin ya ja. Na farkon akwai wuta a ciki don a lokacin yunwa da kewa suna cin sa da gaske. Na baya-bayan nan hannu ne kawai yake bin hanyar da ya sani. Na cire abin kunne na fita na zaga kasuwa, na dawo na sake sawa ko kunnena ne ya gaji. Ba kunnena ba ne. Raina ya ɓaci ƙwarai, na yi kwana da kwanaki abinci ba ya mini daɗi, uwarku har ta fara tambaya ko wani abu ya faru a Damagaram.

Cikin wannan hali aka ɗauki hayar lasifikata zuwa wani biki a unguwar Gataa El Oued, na bi ta don kada a ƙona mini ita. A can na ga wasu samari 'yan ƙasarmu masu aikin gini, sun taso daga shantiye, wato wurin ginin, ko ƙafa ba su gama wankewa ba, shi ya sa ake ce musu 'Yan Siminti. Gitar biyu gare su da gangunan Turawa da aka ɗaure da waya. Da suka fara na ce yau na shiga uku, lasifikata ta tafi. Gudu suke yi kamar an biyo su, gitar tana ƙara tana tsagewa, mai ganga yana duka kamar yana da bashin gaba da fatar. Sun yi kuskure ya fi a ƙirga. Amma ban san inda za su sauka ba, su ma ina jin ba su sani ba, kuma rabon da in ji kiɗan da ban san ƙarshensa ba har na manta. Na duba fili, 'yan mata da samari sun tashi ƙafa ba ta taɓa ƙasa, na duba kaina na ga ina kaɗa kai kamar ƙadangare. Kafin a watse na ɗauki waƙa biyu a wayata. Washegari mutum na farko da ya kawo kart, na zuba masa abin da ya ce, na ɗora masa 'Yan Siminti gyara.

Ba a ɓoye na yi ba, kuma ban yi don in ɓata wa kowa ba. Gyara tun farko abin da kunnena ya fi so ne a wannan lokacin, mutane kuma sun amince da shi don sun san ba a saye na. Ba a daɗe ba Na-Allah ya dawo daga hanya, ya zo benci ko zama bai yi ba.

"Mutari, wace irin masifa ce ka zuba mini? Mun wuce In Gezam ina jiran muryar Attahir, sai na ji kamar an kifar da kwanonin gidan biki."

"Ka kashe?"

"Na kai hannu, yaran mota suka hana ni. Har Arlit ita suka yi ta maimaitawa, kaina kamar ya tsage."

Aka yi dariya, ni ma na yi. Da an bar ta a nan da ta wuce. Sai Alhaji Sabi'u ya ajiye kofinsa ya dube ni, ya dubi ƙarshen benci inda Attahir yake zaune.

"Tsaya, Ban-yarda-ba. Wai kana nufin yaran nan masu ƙafar siminti sun fi Attahir?"

Na san akwai hanyar zamewa. In ce ai kowa da nasa, in ce yara ne a ƙarfafa musu gwiwa. Amma shekara nawa ina zaune a bencin nan ina faɗin abin da na ji a kan mawaƙan da ba su san ina duniya ba, yau da aka zo kan wanda ke gabana sai in koma mai lauje cikin naɗi? Bakina ya riga ni.

"A bana sun fi shi. Yaya Attahir waƙa ɗaya yake yi mana tun muna samari. Mu ne ba mu lura ba, don ƙuruciyarmu muke saurare in ya kaɗa."

Na-Allah ya ce subhanallahi a hankali. Attahir bai ɗaga kai ba, bai kuma tashi ba, don shi ba ya tashi a tsakiyar shayin mutum. Ya zauna aka zuba na biyu ya sha, aka zuba na uku ya sha, ya kife kofin, ya yi mana sallama ɗaya bayan ɗaya har da ni, ya tafi. Kafin in isa gida maganar ta riga ni. Na tarar da uwarku a tsakar gida tana tankaɗe, ko sannu da zuwa ba ta yi mini ba.

"Malam, a gaban mutane? Gidan nan ba shi da ɗaki ne da ba za ka ja shi ciki ka gaya masa ba?"

"A gaban mutane aka tambaye ni."

"Sau nawa nake cika gishiri a miya in tambaye ka, ka ce ta yi daidai?"

"Miya ba sana'ata ba ce."

"Yayana kuma sana'arka ne, ko?"

Juma'ar nan ta dafa kuskus a babban kwano kamar kullum, muka jira har ya huce, bai zo ba.

Abin da ya biyo baya shi ne kuke kira kashe kasuwa. Bukukuwan bazarar nan ɗaya bayan ɗaya suka koma hannun 'Yan Siminti. Iyaye suna son Attahir, amma ƙawayen amarya su ke da fili, su kuma sun ji sabon abu a wayoyinsu. Ni ban je gidan kowa na ce kada a kira shi ba. Waƙar yaran nan ko ban zuba ba za ta yaɗu, waya tana ba waya a lokacin ba sai an zo rumfata ba. Iyaka na yarda gyarana ya ƙara mata gudu, don in Mutari ya sauya, mutane sun ce lalle akwai dalili. Na riƙa hango Attahir daga nesa yana wucewa ta layin masu takalma, ya rame, rawaninsa ya yi masa yawa. Ina so in bi shi, ƙafata ta ƙi. Ina so in zauna, zaman ya ƙi. Na yi ta kewaya kasuwar nan kamar wanda ya yar da mabuɗi.

Bayan wasu watanni, da hantsi, kafin 'yan benci su taru, sai ga shi a bakin rumfa. Muka gaisa doguwar gaisuwa irin ta mutanen da ke tsoron abin da ke bayanta. Sannan ya ciro kart daga aljihu ya ajiye kan tebur.

"Ka ce waƙa ɗaya gare ni. Ga sabuwa. Da ganguna, da gudu, da duk abin da kake so. Ka saurara, ka sa ta gyara."

Ya juya ya tafi. Ashe duk watannin nan yana can ya nemo mai gangunan Turawa, ya sayi gitar mai wuta sabuwa, yana koyon abin da yara suke yi. Na saka na saurara, na sake, na sake. Wayyo. Kamar ka ga dattijo ya naɗe riga yana tsere da yara a titi. Ganga tana gaba yana binta yana haki, muryar nan tasa mai zurfi an tura ta sama inda ba gidanta ba. Babu kuskure ko ɗaya a ciki, don Attahir ba ya kuskure, amma babu Attahir a ciki. Na ji tausayinsa har idona ya kawo ruwa, na kuma ji haushin kaina da na ji tausayin, don shi ba mutumin da ake tausayi ba ne. Uwarku ta san ya kawo, matarsa ta gaya mata. Da na koma cin abincin rana ta zauna kusa da ni, abin da ta daɗe ba ta yi ba.

"Malam, waƙa ɗaya ce a gindin kart. Wa zai mutu in ka sa?"

"Ba ta yi kyau ba."

"Na ji, ba ta yi ba. Ka sa. Tun da ka aure ni ka taɓa jin na roƙe ka wani abu? Yau na roƙe ka."

Gaskiya ta faɗa, ba ta taɓa roƙona ko zane ba. Na bar abincin na fita, na bi bakin kwarin nan da ya ratsa gari na yi ta tafiya cikin rana. Na ce in na sa, direbobi za su ji su yi shiru don kunyata, yaran mota su yi dariya, Attahir da ake rufe ido in ya kaɗa ya zama abin dariya daga nan har Agadas, da hannuna. Na ce kuma in ban sa ba, na rufe ƙofar da mutumin nan ya tako da ƙafarsa ya ƙwanƙwasa, na kuma mayar da roƙon matata. Ko ta ina na juya abin akwai ciwo. Washegari Attahir ya dawo a daidai lokacin jiya.

"Yaya, duk wanda ya tambaye ta zan zuba masa. Amma gyara, a'a."

"Don mi?"

"Don ba kai ba ne a ciki. Tsohuwar waƙarka ta fi wannan nesa ba kusa ba."

"Tsohuwar ka ce ta gundure ka. Sabuwar ka ce ba ni ba ne. To ina kake so in tsaya, Mutari?"

"Ban sani ba, Yaya. Ni kunne gare ni, hannun naka ne."

Ya ɗauki kart ɗinsa ya mayar aljihu, ya ce Allah ya ba da kasuwa. Ku ji da kyau, don nan ne ake cewa ya kamata in yi nadama. In aka mayar da ni safiyar nan, abin da na faɗa shi zan sake faɗa. Amma kada wani ya ce muku da sauƙi na faɗa, ko a banza na ci.

Kafin sanyi ya shigo Attahir ya tattara iyalinsa ya koma Tazruk wurin dangin uwarsa, ya kama aikin lambu da kiwon awaki. Bai zo sallama ba, matarsa ce ta zo. Uwarku ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi. Ta ɗauke babban kwanon ta kife a saman kabad, in na kunna rediyo ta tashi ta shiga ɗaki, ita da take tafi tana amshi in tana wanki. Alhaji Sabi'u ya ɗauke shayinsa ya koma layin masu atamfa, bencin ya rage ni da Na-Allah da wanda ya faɗo. 'Yan Siminti ma ba su daɗe ba. Mai gangar ya haura arewa neman tsallake teku, biyu aka haɗa da su a wani kamen marasa takarda aka mayar da su gida, saura suka koma ɗaukar bulo. Sai mutane suka samu abin faɗa, ga waɗanda ka zaɓa nan, ina suke? Na ce a shekarar nan dai sun fi, ko sun watse sun fi. Haka na ci gaba da zama, ga gaskiyata a hannu, ga gida ba daɗi.

Shekaru suka wuce, har labari ya zo ciwon ƙirji ya kama Attahir. Uwarku ba ta nemi shawarata ba, ta ce jibi za ka kai ni Tazruk. Muka hau mota muka yi ta hawa duwatsu, sanyi yana ƙaruwa, ni kuma ina ta shirya maganar da zan yi ina rushewa. Muka same shi ya tsufa fiye da shekarunsa, yatsunsa sun kumbura don aikin ruwa da sanyi. Ya karɓe ni kamar baƙon kirki, aka yanka akuya, aka yi hirar lambu da ta 'ya'ya, babu wanda ya ambaci kiɗa. Washegari da rana ta ɗan ɗaga ya ce in raka shi lambu. Muka zauna a bakin magudanar ruwa, sai na ga ya janyo wani buhu daga ƙarƙashin rumfar inabi, ya zaro tsohuwar gitar ɗinsa ta katako, ta ɗakinmu na da.

"Zauna da kyau, Ban-yarda-ba."

Ya fara. Ban san yadda zan kwatanta muku ba, ni da na ci abinci da bayanin kiɗa duk rayuwata. Ba tsohuwar tafiyarsa ba ce, ba kuma gudun yara ba. Yatsun sun ƙi yi masa abin da suka saba, sai ya daina tilasta musu. Inda da zai zuba sauti goma sai ya sa biyu ya bar fili, kana jin ruwa yana wucewa a tsakani. Inda na tabbata zai sauka sai ya tsaya ya bar ni a rataye, ya shigo ta inda ban zata ba. Muryar ta dushe, bai ɓoye dushewar ba, da ita ya yi aiki. Ban san lokacin da hannuna ya shiga aljihu ya fito da waya ba. Ya ɗora tafin hannunsa kan tsirkiya, komai ya ɗauke.

"Mayar da ita."

"Yaya, don Allah bari in ɗauka. Wallahi wannan..."

"Na san mi ce ce, ba sai ka gaya mini ba. Mayar."

"Mutane su ji mana."

"Mutane sun ji rabonsu."

Na mayar. Ya ɗauko ta daga farko ya kai ta ƙarshe, ya sa gitar a buhu, ya ce mu je a duba awaki. Bai tambaye ni yaya na ji ba. Karon farko ke nan a rayuwata da nake da ra'ayin da zai faranta wa mutum rai, aka ƙi tambayata. Da muka miƙe na hango uwarku tsaye bayan wani ɓaure da bokiti a hannu, tana share fuska da bakin mayafi. Tun yaushe take wurin ban sani ba, amma bokitin ya cika ya daɗe.

A sanyin shekarar ya rasu, Allah ya jiƙansa ya sa ya huta. Bayan an share makoki na koma kasuwa, masu zuwa gaisuwa suka cika bencin kamar da, har Alhaji Sabi'u ya dawo. Ana ta yabon kaset ɗinsa na farko, na kasa haƙuri. Na ce duk wannan ba komai ba ne, waƙar da ta fi kowace waƙa da Attahir ya yi, ta kuma fi duk abin da na taɓa ji daga Bature ko Balarabe ko namu, a lambun Tazruk ya yi ta.

"Yanzu da ya mutu?" in ji Alhaji Sabi'u. "Kunya ce take cin ka, Mutari. To kunna mana mu ji."

Na ce babu, bai bari na ɗauka ba. Aka ce to rera. Kun san muryar ubanku, na buɗe baki abin da ya fito ko akuya ba za ta juyo ba. Suka yi dariya har da riƙe ciki, a zaman da ya kamata a yi kuka. Zuciya ta ɗebe ni, na kama hannun Na-Allah na ja shi har gida, na ce ga wadda ta ji, tambaye ta.

"Hajiya, wai da gaske marigayi ya yi wata waƙa a lambu?"

"Ni ina wajen awaki, Na-Allah. Ban ji komai ba."

Na-Allah ya dube ni da tausayi ya fita. Na tsaya a tsakar gida na juya wurinta.

"Na gan ki bayan ɓaure. Kin ji ta daga farko har ƙarshe."

Ta ci gaba da tsince shinkafarta, ba ta ɗago ba.

"Kai kaɗai Yayana ya kaɗa wa. Riƙe abinka kai kaɗai."

To ina riƙe da ita, amma kai ba kaset ba ne. Kowace shekara wani yanki yana zubewa, bana kuma na wayi gari na nemi yadda ta fara na rasa, na yi ta zagaya tsakar gida har uwarku ta ce lafiya. Ni ba zan sake roƙonta ba, na san amsar. Ku ne ba ta iya hana ku abu. In kun ga ranta ya yi fari wata rana, ku zauna kusa da ita ku tambaye ta waƙar lambu, ta fi ni riƙe waƙa. Ku bari sai na tafi kasuwa.